Kayan Ƙarshe da Ka Fitar, Yaya

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye a gaban aji sai wayata ta yi ƙara. Ba na ɗaga waya a cikin aji, na kuma sha yi wa malamai faɗa a kan haka, amma da na ga lambar yayata ce sai na ɗaga. Ba ta yi sallama ba, ba ta kuma yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Ki taho, Yayanki ya cika." Na tsaya riƙe da wayar har wata yarinya makauniya a layin gaba, wadda ba ta ganin fuskata amma tana jin numfashina, ta tambaye ni ko lafiya.

Yaya, mijin yayata ne kai, ba ciki ɗaya muka fito ba, amma ban san wani wa da ya wuce ka ba. Ina ƙarama mahaifinmu ya rasu, aka kawo ni gidanku da ɗan akwatina. Kai ka kai ni makaranta, kai kake duba sakamakon jarrabawata, kai kuma ka laƙaba mini Guguwa, wai ba na shiga ɗaki sai wani abu ya faɗi. Har na zama shugabar makaranta, furfura ta fito mini a gefen kunne, sunan nan bai bar bakinka ba. Yayata kuwa, da kowa a gidan ke kira Anti, ta kan ce mu biyu ba mu da aiki sai tsokanar juna.

Mutane da yawa da ba mu sani ba sun zo mana gaisuwa, kusan kowa da labarin kayan da ka fitar masa. Aikinka ke nan tun ina yarinya: ejan mai lasisi, mai tsayawa tsakanin wanda ya shigo da kaya da jami'an kwastan. Ɗan kasuwa ya sayo kaya daga ƙetare, jirgin ruwa ya sauke su a tasha, kai za ka karɓi takardunsa, ka tantance rukunin da kayan suke ciki, ka fitar da kuɗin fiton da doka ta ɗora musu, ka shigar da bayani da sa hannunka, ka tsaya a buɗe a duba, sannan a ba shi izinin ɗauka. Idan bayanin ya zama ƙarya, ba mai kaya kaɗai za a kama ba, har da kai da lasisinka. Shi ya sa ba ka yarda da "ai ka san ni". Ko aminin ka ne sai ya kawo takarda, har 'yan kasuwa suka sa maka Sai-Na-Gani, kana ji kana dariya.

Ofishinka ɗaki ne a saman shagon mai tayoyi, tagarsa na kallon titin da tireloli ke jeruwa zuwa ƙofar tasha. Fanka ce mai ƙara, da tebur biyu, naka da na Akawu, tsohon abokin aikinka da kuka tsufa tare, sai littafin rukunin kaya mai kauri wanda bangonsa ya yage kuka ɗinke da zare. Ko bayan da komai ya koma kwamfuta ba ka rabu da littafin nan ba. Lasisinka na rataye a bango cikin gilashi, ka kan goge shi da hannun riga idan ka shigo da safe.

Aikin ya bi ka har gida. Ba a ba ka kofi ka sha ruwa ba tare da ka juya gindinsa ka ga inda aka ƙera shi ba. Anti ta sayo bokiti, sai ka ƙwanƙwasa ka tambaya ko roba ce zalla ko da ƙarfe a ciki, domin a wurinka kowanne da lambarsa. Ranar da na kawo wanda zan aura ya gaishe ka, ka sa shi a gaba da tambayoyi: daga ina ya fito, wa ya turo shi, me ke cikinsa. Bawan Allah ya fito yana share gumi, ya ce mini bai taɓa sanin shi kaya ba ne sai ranar. Da ya tafi ka ce wa Anti, "Takardunsa sun cika, a sake shi."

Wani mai shigo da tayil ya ba mu labarinka a wurin gaisuwa, yana yi yana goge ido. Ya taɓa kawo maka rasit biyu, na gaskiya da wanda aka rage wa farashi, ya ce ka shigar da na biyun. Ka zuba masa shayi, ka bar shi ya sha, sannan ka mayar masa da takardunsa duka. Ya fita yana cewa ba kai kaɗai ne ejan a duniya ba. Ya samu wanda ya yi masa yadda yake so, kaya suka fita, ya yi murna. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan an daɗe, masu bincike suka bi sawun takardun har shagonsa suka rufe. Ya ce ya hau matakalar ofishinka yana jiran ka ce da ma na gaya maka, amma ba ka faɗa ba. Ka jawo masa kujera, kuka bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ka raka shi ya amsa laifinsa ya biya tara, aka buɗe masa shago. Wasu mata masu ƙaramin jari, da kan haɗu su yi lodi a kwantena guda, su ma sun zo. Suka ce ba ka taɓa karɓar ko sisi a kan shawara ba, kuma kullum abin da kake roƙonsu shi ne su zo maka tun kafin kaya su taso, kada su bari sai sun iso.

Bara ciwon zuciya ya fara kayar da kai. Ƙafafunka suka kumbura har takalmi ya daina shiga, matakalar ofis ta zama sai ka huta a tsakiya. Likita ya ce ka ajiye aiki. Anti ta kafa doka: duk wanda ya zo da takarda a hannu, ko da katin biki ne, ya bar ta a bakin ƙofa. Ta ɓoye makullin motarka a cikin gwangwanin madara. Akawu ya ci gaba da ƙarasa ayyukan da ke hannu, aka daina karɓar sabo.

A daidai wannan lokacin ne aka yi wa makarantarmu kyautar da muka daɗe muna roƙon Allah. Makarantar yara makafi ce. Littafin da yaro mai gani zai saya a kanti, mu sai malami ya zauna da allon ƙarfe da tsinke ya huda shi ɗigo-ɗigo, shafi bayan shafi, har yatsunsa su yi kanta. Aji guda kan yi karatu da kwafi ɗaya, yana yawo daga hannu zuwa hannu har ɗigon ya shafe. Wata ƙungiya a ƙetare ta ji labarinmu, ta sayi injin buga rubutun makafi da kwalayen takarda mai kauri, ta ɗoro mana a jirgin ruwa.

A nan muka yi kuskuren da sai malaman makaranta da masu kyauta za su yi irinsa. Da suka tambaye ni sunan wa za a rubuta a takardar lodi, na ba su nawa, don a ganina ni ce zan je in karɓa. Su kuma, don su nuna ba sayarwa suka yi ba, suka rubuta cewa kayan ba su da farashi. A wurin bayanin kaya suka sa injin buga takardu, shi ke nan. Da mu da su duk mun ɗauka kyauta ba ruwanta da kwastan. Kaya suka iso, na je da fara'ata da katin shaidata, aka ce mini ba haka ake yi ba. A takarda, wata mata ce ta shigo da injin ɗab'i don kanta, ta kuma ƙi faɗin kuɗinsa. Rangwamen da ake yi wa kayan makafi makaranta ake yi wa, ba ni ba. Akwatin ya zauna a sito, ina zarya daga wannan tebur zuwa wancan, wa'adi yana ƙaratowa. Kayan da suka wuce wa'adi ba a fitar da su ba, karɓe su ake yi a yi gwanjonsu. Wanda zai sayi injinmu a gwanjo kuwa ba abin da zai yi da shi sai ya kwance ya sayar da ƙarfen.

Ban gaya maka ba saboda dokar Anti, kuma gaskiyarta ce. Wata rana a ƙofar tasha wani mutum mai ƙamshin turare, da jaka a hammata, ya tare ni, irin waɗanda ba su da lasisi sai aron na wasu. Ya ce abu ne mai sauƙi: a rubuta tsohon inji ne da ya mutu, a sa masa ɗan farashi, shi ya san wanda zai gani. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Na je wurin Akawu in ji ko hakan zai yiwu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in je gida in huta. Ashe ban kai bakin titi ba ya buga maka waya.

Washegari ka aiko a kira ni. Na same ka a falo, ƙafafu a kan matashi, Anti a tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannu, tana yi mini irin kallon da rabona da shi tun ina sakandare. Ka miƙo hannu na ba ka takardun. Ka daɗe kana karantawa.

"Guguwa," ka ce, "kina da ejan a gida, kika bari kaya suka taso ban gani ba?"

Na ce ai kyauta ce, Yaya.

"Kyauta ma kaya ce. Wanda ya ba ki bai karɓi kuɗinki ba, amma ai shi ya biya wani."

Na kawo maganar mai turare. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce in aka fitar da shi a matsayin mataccen inji, to a takarda makarantarmu ba ta da injin makafi. Gobe wani ƙarfe ya lalace mu nemi shigo da madadinsa, ko takarda ta ƙare, da wane baki za mu nemi rangwame? Kuma duk ranar da masu bincike suka zo, a gaban yaran za su ɗauke shi. "Hanyar da za mu bi tana da tsawo," ka ce, "amma in ya shiga makarantarki ba mai sake fitar da shi."

Anti ta ce ba inda za ka. Ka ce mata ai wannan zumunci ne, kuma likita bai hana zumunci ba. Ta shiga kicin, muka ji ana buɗe gwangwani, ta fito ta ajiye makullin a gabana. Ta ce ni zan tuƙa, kuma in na bari ka hau matakala ko ɗaya kada in sake taka mata gida.

Haka na zama direbanka, kuma a nan na ga aikin da na yi shekaru ina jin labarinsa. Ka sa masu kyautar suka nemi kamfanin jirgi ya gyara takardar lodi, sunan makaranta ya maye gurbin nawa. Ka sa suka aiko da rasit na ainihin kuɗin da suka sayi injin, da wasiƙar da ke cewa kyauta ce, da bayanin masana'antar da ta ƙera shi. Ka ce in kawo shaidar rajistar makaranta. Ka buɗe tsohon littafinka a kan cinya ka nuna mini da yatsa cewa injin ɗab'i rukuninsa daban, kayan da aka ƙera don makafi kuma da nasu tanadin. Sannan ka rubuta wa kwastan, ba ka ɓoye komai ba: ga kuskuren da aka yi, ga yadda aka yi shi, ga gyaran da muke nema, a kuma ɗaga mana ƙafa har a kammala. Ofisoshin da ke sama Akawu ke hawa, kai kana cikin mota, kujera a kwance, gilashi a buɗe. Abin da ya ba ni mamaki shi ne manyan jami'ai da kansu suke saukowa su gaishe ka ta taga. Ɗaya ya ce mini tun yana sabon ɗauka yake ganin sa hannunka, bai taɓa buɗe kayan da ka shigar ya tarar da wani abu daban ba.

Ni kuwa ban bar halina ba. Duk ranar da aka ce mu dawo gobe, sai in yi ta sababi a mota, ina tsine wa tsarin da waɗanda suka tsara shi. Kai sai ka lumshe ido ka bar ni in gama, sannan ka ce in kula da mai keken da ke gabana.

Ana cikin haka Akawu ya zo da labarin an fara ware kayan gwanjo, har an shafa wa akwatinmu jan fenti. Ranar a gabanka na yi kuka, na ce da na sani da na bi mai turare. Ka bar ni na share hawaye, sannan ka ce gyaran suna ya iso, abu ɗaya ya rage: a buɗe akwatin, jami'i ya gamsu cewa injin na makafi ne, tunda takardar farko ta ce na ɗab'i ne. Ka ce a nemo wa malamar karatunmu izinin shiga sito. Makauniya ce tun haihuwa, kuma yawancin littattafan makarantar hannunta ne ya huda su.

Ranar duba kaya ka ƙi zama a mota. Ka sa farar rigarka, ka rataya katinka a wuya, ka zura silifas. Sito ne mai tsawo da rufin kwano, ga zafi ga warin man inji, motar ɗaga kaya na kai da komo. Akawu ya samo maka kujerar roba. Aka ɓalle katakon. Jami'ar da ke duba, mace mai natsuwa, ta zagaya injin, ta gwada lambar jikinsa da ta takarda, ta ce lallai ba ta ga wurin zuba tawada ba, amma hakan kaɗai bai isa ta sa hannu ba. Sai ka ce a duba ledar da ke manne a murfin, domin masana'anta kan sa shafin gwaji. Aka zaro farar takarda, babu ko ɗigon tawada a jikinta. Malama ta karɓa, ta shimfiɗa a kan katakon, ta ɗora yatsu ta fara karantawa da ƙarfi: sunan injin, lambarsa, ranar da aka gwada shi. Jami'ar tana bin lambar da ido a jikin ƙarfen, ta zo daidai. Leburori suka bar aikinsu suka matso. Da Malama ta kai ƙarshe ba ta ɗauke hannunta ba, ta ci gaba da shafa takardar, ta ce a hankali tunda take ba ta taɓa jin ɗigo masu kyau haka ba, duk kansu ɗaya. Jami'ar ta juya mana baya ta daɗe tana gyara hularta, sannan ta sa hannu.

Na waiwaya in ga fuskarka, na tarar kana haki, gumi ya jiƙa rigarka, amma kana murmushi. Ka ce, "Guguwa, ki adana kowace takarda. Kada ki ce an gama ki zubar."

Izinin ɗauka ya fito ranar da aka kwantar da kai a asibiti. Mota ta kawo injin makaranta, yara suka fito suna shafa akwatin ta kowane gefe suna gardamar girmansa. Na je na gaya maka, kana kwance da robar numfashi a hanci. Ka tambaya ko ƙofar ɗakin ta isa ya shiga, ko mun tanadi wutar da ba ta rawa. Na ce sai ka warke za mu kunna, ka ce kada mu jira ka, yara sun jira da yawa. Mai haɗa injin bai samu zuwa ba sai bayan rasuwarka, don haka ba ka ji ƙararsa ba.

Ƙara gare shi, Yaya, kamar ruwan sama a kan kwano. Kafin shayi ya huce ya fitar da abin da Malama kan yi mako tana hudawa. Yanzu kowane yaro a ajin ƙarshe yana da littafin karatunsa. Amma kafin a buga littafin, malamai suka ce shafin farko naka ne. Malama ta tsara shi: sunanka a sama, da gajeriyar addu'a a ƙasa.

Na kai wa Anti shafin. Tun rasuwar ban iya haɗa ido da ita sosai ba, domin ni na tuƙa ka zuwa sito, kuma zuciyata ba ta daina tambayata ba ko zirga-zirgar nan ce ta ƙarasa ka. Na same ta a ɗakinka, zaune a bakin gado. Na miƙa mata. Ta juya takardar gaba da baya, fara fat, ba abin da idonta zai karanta. Na gaya mata abin da ke ciki, na fara ba ta haƙuri a kan kai ka sito da na yi. Ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare, ƙanwata. Rabon da in ga ya ci abinci da daɗi kamar ranar da kuka dawo daga sito, tun kafin ciwon nan." Sai ta miƙo mini hannunta. "Nuna mini inda sunansa yake."

Na kama yatsanta na ɗora a kan layin farko. Ta bi shi a hankali har ƙarshe, ta koma ta sake bi. Na ja ƙofa na bar ta da shi.

Yaya, ka ƙare rayuwarka kana tsaya wa mutane a wurin bincike. Allah Ya sauƙaƙa maka naka, Ya ba ka littafinka a hannun dama. Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Duk layin da yatsan yaro zai bi a makarantarmu, Allah Ya kai ladan makwancinka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, wadda ta rasa abokin zamanta, Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya zame mata gata. Haka ga 'ya'yanka da jikokinka, Allah Ya albarkace su, Ya haɗa kansu, Ya sa su gaji gaskiyarka. Ga Akawu, wanda har yanzu yake buɗe ofis ya zauna yana fuskantar tebur ɗin da ba kowa, Allah Ya ba shi haƙuri. Ga 'yan kasuwa da abokan aikinka na tasha, Allah Ya ba su wanda zai faɗa musu gaskiya tun kafin kaya su taso. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen, Ya haɗa mu da kai a Aljanna.

Allah Ya jiƙanka, Yaya.